Ƙwayar maleriya da masu gadin jiki: yadda take ratsa su, take sa musu guba, take rufe musu baki

Ana yawan faɗin cewa ƙwayar zazzaɓin cizon sauro tana shiga ƙwayoyin garkuwar jiki. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma kalmar "shiga" ta haɗiye abubuwa dabam-dabam waɗanda bai kamata a cakuɗa su ba. Akwai ƙwayoyin cuta da ke mayar da mai gadin jiki gidansu, su zauna a cikinsa su hayayyafa. Haka ƙwayar tarin fuka take yi, haka ma Leishmania, wata ƙwayar cuta da wani ɗan ƙaramin ƙuda ke yaɗawa. Plasmodium, wato ƙwayar da ke kawo maleriya, ba ta yin haka a jikin ɗan Adam. Gidajenta biyu ne, ƙwayar hanta da jar ƙwayar jini, kuma babu mai gadi a cikinsu. Hulɗarta da masu gadi ta wata fuska ce: wani ta huda shi ta wuce, wani ta bari ya haɗiye ta ya kwana da ciwon ciki, wani kuma ta dafa shi daga waje ta sa ya mayar da takobinsa kube. A ganina fahimtar wannan ne ke bayyana dalilin da ya sa cutar da ta kama mutum kimanin miliyan 263 ta kashe kusan 597,000 a shekarar 2023, bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, take iya kama mutum ɗaya sau da yawa ba tare da jikinsa ya gama koyon darasi ba.

Labarin yana farawa ne a fata. Macen sauron Anopheles ba ta zuba ƙwayar cutar kai tsaye cikin jijiya kamar allurar likita. Tana lalube ne da bakinta tana neman jini, tana tofa yawu, kuma a cikin yawun ne ƙwayar take a siffarta ta farko da ake kira siporozoyit: siririya, mai ɗan lanƙwasa kamar lauje, tsawonta bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari na milimita da ɗan kaɗan ba. Ba su da yawa, daga 'yan gomomi zuwa 'yan ɗaruruwa. Ba su da ƙafa ko wutsiya, amma suna sulɓi a kan duk abin da suka taɓa, da saurin da ya ninka na fararen ƙwayoyin jini sau da dama. A 2006 masu bincike a Cibiyar Pasteur ta Faransa suka ɗauki hoton wannan tafiya a fatar ɓera mai rai, da ƙwayoyin da aka sa su yin haske. Abin da suka gani shi ne rabuwar hanya: wasu sun sami jijiyar jini sun faɗa, wasu sun maƙale a fata, wasu kuma ruwan jiki ya kwashe su zuwa ƙullutun nan da ke kumbura idan mutum ya yi kaluluwa. Waɗanda suka je can yawanci sun halaka. Ƙwayoyin garkuwa masu rassa, waɗanda aikinsu shi ne su tsinci guntun baƙo su nuna wa sauran mayaƙa, su ne ke kama su. Daga gawar waɗannan da suka ɓace hanya ne jiki ke fara samun labarin cewa baƙo ya shigo.

Wadda ta faɗa jini kuwa, cikin 'yan mintoci ta isa hanta. A nan ne abin da ya fi ɗaukar hankalina yake faruwa.

Jini a hanta ba ya gudu kamar a sauran gaɓoɓi. Yana bin wasu 'yan lunguna ƙanana a hankali, kuma bangon lungunan yana da ƙofofi mitsi-mitsi da ruwa ke bi ya isa ƙwayoyin hanta da ke bayan bango. Ƙofofin sun yi wa siporozoyit ƙanƙanta ƙwarai. A cikin lungunan kuma akwai masu gadi zaunannu, manyan ƙwayoyi masu haɗiya da ake kira ƙwayoyin Kupffer, da sunan Bajamushen da ya fara bayyana su a 1876. Sana'arsu ke nan: duk ƙwayar cuta ko tarkacen da jini ya kwaso daga hanji, su cafke su haɗiye su narkar. Ke nan baƙuwar tana gefe ɗaya, ɗakin da take so yana ɗaya gefen, tsakaninsu bango, a jikin bangon kuma dogari.

Da farko tana tsayawa. Jikinta lulluɓe yake da wani furotin mai suna CSP, wanda ke manne wa wasu zaruruwan sukari da ke leƙowa daga ƙwayoyin hanta ta cikin ƙofofin bangon. Da wannan take gane ta iso. Sai ta yi ta sulɓi a jikin bango, wani lokaci ma tana fuskantar inda jini ke fitowa, har ta sami wurin kutsawa. Sau da yawa wurin kutsawar shi ne jikin dogarin kansa. Ta shiga ta wannan gefe, ta fita ta wancan.

A 2001 Maria Mota da abokan aikinta a Jami'ar New York suka nuna cewa siporozoyit tana ratsa ƙwayoyin halitta da dama, tana yaga fatarsu, kafin ta zaɓi wadda za ta zauna a ciki. Bayan haka aka gano kayan aikin da take yin hudar da su. Akwai furotin SPECT, akwai wani mai suna PLP1 wanda ke haɗuwa ya yi zobe ya ɓula fatar ƙwaya, akwai kuma CelTOS. Wani abin lura shi ne PLP1 ɗan dangi ne ga makamin da mayaƙan jikinmu ke huda ƙwayoyin da suka kamu da cuta da shi. Makami iri ɗaya ne a hannun ɓangarorin biyu.

Gwajin da ya fi gamsar da ni an yi shi ne a Japan, aka wallafa a 2004. An cire wa ƙwayar maleriyar ɓeraye ƙwayar gadon da ke samar da SPECT. Tana sulɓi lafiya, idan aka zuba ta a kan ƙwayoyin hanta a cikin faranti tana shiga ta girma lafiya, amma a jikin dabba mai rai ikonta na kama hanta ya faɗi warwas. Sai aka kawar da ƙwayoyin Kupffer daga hantar dabbar da wani magani, aka sake gwadawa. Nan take gurguwar ƙwayar ta dawo tana kama hanta kusan kamar lafiyayya. Ma'ana, abin da hudar ke yi mata shi ne raba ta da mai gadi. Na ɗan lokaci an ɗauka cewa ƙwayar Kupffer ce ƙofa tilo, wato dole sai ta cikinta ake wucewa. Hotunan da aka ɗauka a hanta mai rai a 2013 sun gyara wannan fahimta: wasu suna bi ta cikin Kupffer, wasu ta cikin ƙwayoyin bangon kansu, wasu ta tsakaninsu. Amma wadda ba ta iya huda, idan Kupffer ta riƙe ta, ta tafi ke nan.

Yaya take tsira a cikin cikin mai haɗiya? Lokaci ne sirrin. Idan mai haɗiya ta kama abu, tana naɗe shi a cikin wata 'yar jaka, sannan ta kawo wasu jakunkuna masu ruwan tsami da sinadaran narkarwa ta haɗa su da ita. Wannan yana ɗaukar mintoci. Bincike ya nuna cewa siporozoyit ma takan shiga ƙwaya a cikin jaka ta wucin gadi, kuma da zarar tsami ya fara ƙaruwa sai ta yi amfani da PLP1 ta fasa jakar ta fice kafin a gama haɗa mata wuta. Akwai kuma shaida daga gwajin ƙwayoyin ɓeraye cewa CSP yana hana Kupffer fesa sinadaran ƙuna da take kashe baƙi da su. Ƙwayar da aka ratsa takan ji rauni, wata ta ɗinke kanta, wata ta mutu.

Dole in ja hankali a nan: mafi yawan waɗannan abubuwa an gan su ne a ɓeraye, da nau'o'in Plasmodium na ɓeraye. Ba a leƙa hantar mutum mai rai da madubin likita ana kallon abin da ke gudana. An tabbatar cewa falciparum, nau'in da ya fi kisa, yana da waɗannan furotin ɗin kuma yana ratsa ƙwayoyin mutum a gwaji, amma ba kowane abin da aka gani a ɓera za a rantse a kansa a mutum ba. Wani abin sha'awa kuma, a maleriyar tsuntsaye, kamar nau'in da ke kama kaji, ƙwayar tana fara girma ne a cikin masu haɗiya ɗin kansu. Ke nan a wani reshe na dangin, gidan dogari gida ne na gaske.

Idan ta isa ƙwayar hantar da za ta zauna, salon shigarta yana canjawa. Ba huda ba ce yanzu. Tana tura kanta ciki a hankali tana jan fatar ƙwayar ta lulluɓe jikinta, ta zauna a cikin jakar da ta gyara wa kanta. Kimanin mako guda take yi idan nau'in falciparum ce, ɗaya ta zama dubbai masu yawa, mutum kuwa bai ji ko ciwon kai ba. Fitowar ma da dabara. 'Ya'yan, waɗanda ake kira merozoyit, dole su sake bi ta lungun da Kupffer ke gadi. A 2006 aka nuna cewa ba sa fitowa tsirara: suna fita ne a dunƙule cikin ƙunshin fatar ƙwayar hantar da suka cinye. Ƙwayar da ke mutuwa takan fito da wata alama a fatarta mai cewa "ku zo ku kwashe ni", amma su suna hana wannan alama bayyana. Mai gadi ya ga ƙunshi ya wuce da rigar gida, bai tanka ba. A ɓeraye an ga ƙunshin yana fashewa ne a ƙananan jijiyoyin huhu, nesa da hanta.

Daga nan sai jini, kuma a nan ne ciwo yake. Merozoyit tana shiga jar ƙwayar jini cikin abin da bai kai minti guda ba. Zaɓin wannan gida ba banza ba ne. Kusan kowace ƙwaya a jikin mutum tana da wani allo a fatarta, da ake kira MHC, inda take baje guntayen abin da ke cikinta domin wasu fararen ƙwayoyin jini masu sintiri, da ake kira mayaƙan T, su duba. Jar ƙwayar jini da ta balaga ba ta da cibiya, kuma ba ta baje wannan allo. Mayaƙan suna wucewa ba su ga komai ba. A ciki baƙuwar ke cin himoglobin, wato jan sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jini, ta girma, cikin awa 48 ta fasa ɗakin ta fito da 'ya'ya kimanin 16 zuwa 32.

Abokiyar gabarta a wannan mataki ita ce saifa. Jini yana bi ta wasu tsagogi matsattsu a cikinta, kuma sai jar ƙwaya mai laushi ce ke iya lanƙwashewa ta wuce. Wadda ke ɗauke da babbar ƙwayar cuta ta yi tauri, sai ta maƙale, masu haɗiya na saifa su cinye ta. Wani lokaci ma saifa kan matse ƙwayar cutar ta fitar da ita, ta mayar da jar ƙwayar cikin jini. Martanin falciparum shi ne ƙin zuwa saifa gaba ɗaya. Tana tura wani furotin mai danƙo, PfEMP1, zuwa saman fatar jar ƙwayar, ya manne da bangon ƙananan jijiyoyi. Idan mannewar ta auku a ƙwaƙwalwa, yaro ya shiga suma da jijjiga. Idan a mabiyiyar mai ciki ce, jariri ya zo da ƙarancin nauyi. Furotin ɗin a fili yake, don haka jiki yana iya yi masa antibodi, wato tarkon furotin da jiki ke ƙerawa daidai da siffar baƙo don ya manne masa. Amma ƙwayar tana da ƙwayoyin gado kusan 60 na wannan furotin, tana amfani da ɗaya a lokaci guda. Kafin jiki ya gama ɗinka wa riga ɗaya tarko, wasu cikin zuriyar sun sauya riga. Duk da haka ba a gama sanin saifa ba: a 2021 binciken da aka yi a kan saifar mutanen da aka yi wa tiyata a yankin Papua na Indonesiya ya sami tarin ƙwayoyin cutar da ransu a cikinta, musamman nau'in vivax, fiye da yadda suke a jinin da ke zagayawa.

Yanzu ga shiga ta biyu cikin mai gadi, bayan hudar da ta yi a hanta, wadda ba da son ranta ba. Fararen ƙwayoyin jini masu haɗiya suna cinye jajayen ƙwayoyin da suka kamu, da tarkacen da ke watsuwa duk lokacin da suka fashe. A cikin tarkacen akwai wani abu da ba ya narkewa. Lokacin da ƙwayar cutar ke cin himoglobin, ɓangaren da ke riƙe da ƙarfe guba ne gare ta, sai ta dunƙule shi ya zama wasu 'yan duwatsu baƙaƙe masu ruwan ƙasa, himozoyin. Wanda ya taɓa duba jinin mai zazzaɓi mai tsanani a madubin likita ya san wannan gani: farar ƙwaya mai faɗi, cibiyarta shuɗi-shuɗi mai lanƙwasa kamar ƙoda, a gefenta kuma ɗigo-ɗigon baƙi kamar an barbaɗa garin gawayi. Tun kafin a san sauro na da hannu a cutar, masu binciken gawa sun lura cewa saifa da hantar waɗanda zazzaɓin ya kashe sukan yi duhu. Bin sawun wannan baƙin ne ya kai likita Bafaranshe Alphonse Laveran ga ganin ƙwayar cutar da ranta a 1880, a asibitin soja da ke Kustantina ta Aljeriya. Har yau yawan fararen ƙwayoyin da ke ɗauke da wannan baƙi alama ce ta tsananin ciwo.

Mai haɗiyar da ta cika cikinta da himozoyin ba ta mutuwa nan da nan, amma ba ta koma yadda take. Binciken da aka yi a Turin ta Italiya tun farkon shekarun 1990 ya nuna cewa ikonta na sake haɗiya yana raguwa, fesa sinadaran ƙuna yana raguwa, nuna wa mayaƙan T abin da ta kama ma yana raguwa. A lokaci guda kuma tana ta ƙwala ihu, tana sakin sinadaran faɗakarwa irin su TNF, waɗanda su ne ke hura wutar zazzaɓi da rawar sanyi. Mai gadi ne da aka ɗaure wa hannu aka bar masa baki. Wannan ya shafi fiye da maleriya. An daɗe da sanin cewa yaran da ke fama da ita sun fi faɗawa hannun bakteriyar Salmonella da ke shiga jini, kuma gwaji a ɓeraye ya danganta hakan da yadda fashewar jajayen ƙwayoyi ke raunana wasu fararen ƙwayoyin tun suna cikin ɓargo. Abin yana damuna ƙwarai, domin yaro zai iya warkewa daga zazzaɓin alhali ƙofar da aka bari a buɗe ba ta rufu ba tukuna.

Hulɗa ta uku ba ta buƙatar shiga ko kaɗan. A 1999 masu bincike a Oxford suka nuna cewa jajayen ƙwayoyin da suka kamu suna manne wa ƙwayoyin garkuwa masu rassa, su hana su balaga yadda za su iya tayar da mayaƙan T. Daga baya an ga cewa yawan ƙwayar cutar yana da tasiri a nan: kaɗan takan zaburar da su, mai yawa ta danne su. Sai kuma abin da aka fara ganowa a Jami'ar Osaka a 2017, wanda a wurina ya fi duka nuna zurfin wannan yaƙi. Mayaƙan jiki suna da wasu maɓallai a fatarsu waɗanda idan aka danna, suna nufin "dakata, wannan namu ne". Allon MHC na ƙwayoyinmu ne ke danna ɗaya daga cikinsu, mai suna LILRB1, don kada mayaƙa su afka wa gida. Falciparum tana da wani babban dangin furotin, RIFIN, da take jerawa a fatar jar ƙwayar jini, kuma wasu daga cikinsu suna kwaikwayon siffar allon su danna wannan maɓalli. Mayaƙi ya iso da shirin kisa, aka gaishe shi da gaisuwar gida, ya juya.

Jiki ma bai zauna ba. A 2016 aka sami wasu mutane biyu a Kenya waɗanda antibodinsu ya ɗauko guntun wani maɓallin dakatarwa, LAIR1, ya dasa a jikinsa. RIFIN da ke neman maɓallin sai ya cafki antibodin, ya tona wa kansa asiri.

Idan aka haɗa waɗannan, za a ga dalilin da ya sa garkuwar maleriya take zuwa a makare kuma ba ta cika. Wanda ya girma inda cutar ta yi katutu yakan daina yin ciwo mai tsanani bayan kamuwa da yawa, amma ƙwayar na iya zama a jininsa ba tare da alama ba, kuma idan ya bar yankin na shekaru kariyar takan ragu. Tun 1961 aka nuna a Gambiya cewa antibodin manya, idan aka ba yara masu zazzaɓi, yana rage ƙwayar cutar a jininsu. Kariyar tana nan, sai dai tara ta na cin shekaru, domin riguna 60 ne a kowace ƙwaya kuma sun bambanta daga wannan zuriya zuwa waccan. Yara 'yan ƙasa da shekara biyar, waɗanda su ne mafi yawan masu mutuwa a Afirka, suna biyan kuɗin wannan karatu ne tun ba su gama shi ba.

Shi ya sa masu haɗa rigakafi suka koma farkon labari, wurin 'yan gomomin nan da ke sulɓi a fata da lungunan hanta. A nan ƙwayar ba ta da yawa, ba ta da ɗakin ɓuya, kuma rigarta ta CSP ba ta sauyawa irin sauyin PfEMP1. A 1967 wata mai bincike, Ruth Nussenzweig, ta nuna cewa siporozoyit da aka raunana da haske mai ƙuna tana ba ɓeraye kariya. Rigakafin RTS,S da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2021, da R21 da ya biyo baya a 2023, duka a kan CSP aka gina su. Antibodin da suke sa jiki ya yi yana lulluɓe ƙwayar, ya hana ta sulɓi, ya kuma sa mata alamar da masu haɗiya ke gane abinci da ita. Wahalar ita ce tazarar gajera ce, daga mintoci zuwa 'yan awoyi, kuma babu lokacin da za a aika a kira mayaƙa daga nesa: sai antibodin da ke cikin jini a daidai lokacin cizon ne zai yi aiki. Idan guda ɗaya tak ta ratsa bangon ta shige ƙwayar hanta, bayan mako guda dubbai ne za su fito. Saboda haka ake ba yaro allurar har sau huɗu, ta huɗun bayan tazara mai tsawo, lokacin da antibodin allurai ukun farko ya fara ja da baya.